Maigida ya sayo tanti, wai mu je mu kwana a dutsen Mambila da yaro ɗan shekara biyu

Assalamu alaikum Anti, barka da ƙoƙari, Allah ya ƙara basira. Dan Allah ki sakaya sunana. A Kano muke zaune ni da maigidana da ɗanmu guda ɗaya, shekararsa biyu da wata uku, na riga na yaye shi. Maigidana a Gembu, can kan dutsen Mambila a jihar Taraba, ya yi bautar ƙasa tun kafin mu yi aure, kuma tunda na san shi bashi da hira sai ta Mambila, sanyin wajen, shanun wajen, shayin wajen. Toh bana ya samu hutun kwana goma a Disamba, kawai rannan sai gashi da tanti da jakunkunan kwanciya masu zif da ƙaramin risho na gas, wai a Sienna ɗinmu zamu tafi mu uku, mu kwana a Jalingo, washegari mu hau dutse, duk inda ya yi mana kyau mu kafa tanti mu kwana kamar yadda yake gani Turawa suna yi a YouTube. Har cewa yake in da hali zamu leƙa dutsen Chappal Waddi. Anti wallahi ba wai bana son zuwa bane, tunda na haihu in ba gidan biki ko asibiti ba babu inda na je, nima ina so in ga duniya, amma tsoro nake ji. Yaron nan ko Zariya muka je sai ya ishe mu da kuka a mota, ga sanyi, ga halin da hanyoyi suke ciki. Da na faɗa masa sai ya ce ni komai tsoro, kullum sai na kashe masa gwiwa, har yau yana ta shan ƙamshi. Hajiyarsa kuma da ta ji labari ni ta kira ba shi ba, ta ce in wani abu ya samu jikanta ni zata kama, don uwa ce take hanawa, ko a fasa ko a bar mata shi. Na rasa ta inda zan ɓullo. Ki bani shawara dan Allah.

Maman yaro, daga Kano

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya raya mana yaron nan ya shirya shi. Na karanta wasiƙarki kuma abin da ya fi tsaya min a rai shine inda kika ce kema kina so ki ga duniya, don kowa a gidan nan ya faɗi nashi, oga yana son dutse, Hajiya tana son jikanta a gabanta, ke kuma naki son ya maƙale a tsakiya babu wanda ya tambaya. Toh ni na ji shi. Kuma ba matsoraciya bace ke, duk abin da kika lissafa abin dubawa ne na gaske. Ra'ayina a taƙaice shine ku je, Mambila waje ne da ya cancanci a kai iyali, amma ba da wannan tsarin da ya zo da shi ba. Abu biyu ya haɗa ya ɗaure waje ɗaya, zuwa Mambila daban, kafa tanti a duk inda dare ya yi muku daban. Na farkon mai yiwuwa ne da yaro ɗan shekara biyu, na biyun kam a'a, kuma rigimarku duk ta taso ne saboda shi yana jin kamar in kin ƙi na biyun kin ƙi duka.

Bari in ɗan tsaya wa maigidanki kafin in soke shi. Mutumin da ya samu hutu bai ce zai tafi da abokai ya bar ki da wanke-wanke ba, ya zare kuɗi ya sayo kaya don ya nuna wa matarsa da ɗansa wajen da ya fi so a rayuwarsa, wannan ba ƙaramin abu bane, mata da yawa da suke rubuto min kukansu akasin naki ne. Shi ya sa maganarki ta yi masa zafi, shi a ransa kyauta ya kawo miki aka ce ba a so. Sai dai Mambilar da take kansa ta saurayi ce, mai jaka ɗaya a baya, in dare ya yi ya kwana ɗakin aboki, in yunwa ta kama shi ya sha shayi da burodi ya wuce. Bai taɓa hawa dutsen nan da ɗan mutum mai neman a canza masa pampas a tsakiyar kwana ba. Amma zaman da ya yi a can shine babban jarinku, don dole yana da mutane, malamin makarantar da ya koyar ko mai gidan da ya zauna ko limamin unguwa, kuma duk tsarin da zan baki a kan mutanen nan zai tsaya. Ya nemo lambobinsu tun yanzu.

Mu fara da hanya. Kano zuwa Jalingo a yini ɗaya direban haya ma sai ya yi sammako ya kuma iso a gajiye, balle mutum ɗaya yana tuƙi ga yaron da Zariya ma take yi masa nisa. Ku raba ta. Ranar farko ku kwana Gombe, ta biyu ku bi ta Kaltungo da Numan ku kwana Jalingo, ta uku ku bi ta Garba Chede da Bali ku kwana Serti, ta huɗu da safe ido ya huta mota ta huce sai ku hau dutsen. Zai ce ai an cinye hutun a hanya, eh an ci, kwana uku ne zasu rage muku a sama in an cire na dawowa, amma kwana ukun da kowa yake cikin hayyacinsa sun fi dogon zaman da za a yi ana jinya da faɗa. Ku riƙa tashi bayan asuba da gari ya waye, ku sauka kafin la'asar ta yi sanyi, tafiyar dare babu ita ko kaɗan, wannan ki riƙe shi da ƙarfi. An sha samun labarin masu garkuwa da mutane a wasu sassan Taraba har da yankin Bali, kuma lamarin yana canzawa wata zuwa wata, don haka labarin da zaku yi aiki da shi ba na intanet bane, na direbobin tashar Gembu da ke Jalingo ne, su suke bin hanyar kullum, sun san inda gada ta lalace bayan damina, sun san inda ba a tsayawa. Ya je tashar da yamma ya yi hira da su, in ma zai yiwu da safe ku bi bayan motocinsu. Ku cika tanki a duk babban garin da kuka samu mai, ku riƙe kuɗi a hannu don akwai wuraren da sabis yake ɗaukewa POS ya zama ado, takardun mota da katin shaida da takardar haihuwar yaro su kasance kusa don yankin iyaka ne da Kamaru, shingayen jami'an tsaro suna da yawa. Sallah kuma Allah ya sauƙaƙa wa matafiyi, ga ƙasaru ga haɗawa, ba sai kun tsaya a wajen da hankali bai kwanta da shi ba.

Hawan kansa daga Mayo Selbe yake farawa, titi ne mai kwana-kwana yana nannaɗe dutse, gefe ɗaya bango gefe ɗaya rami, har ku ɓulla wajen Maisamari, daga nan Nguroje sannan Gembu. Wani lokaci hazo yana rufe gaba. Kafin ku bar Kano mota ta kwana wajen bakanike, a duba birki da mansa, lagireto da fanka, tayoyi har da safaya, ba a ce "ai lafiyarta ƙalau" da baki ba. Kuma saukowa ta fi hawa haɗari, wanda ya ɗora ƙafa a birki tun daga sama har ƙasa birkin zai yi zafi ya daina kamawa, ƙaramin giya ake sakawa injin ya riƙe motar, ko otomatik ce akwai L ko 2 a jikin giyar don irin wannan wajen aka yi su. In mota ta yi zafi a tsaya a jira ta huce, ba a buɗe murfin lagireto tana tafasa. Sienna zata yi muku babban titi, amma cikinta a ƙasa yake, hanyoyin ƙauyukan can kuwa ba banza ba har yau tsofaffin Land Rover suke aiki a kansu, in zaku ratse ku ɗauki motar gari da direban gari. Sannan ina so ku ƙara mutum ɗaya babba a tafiyar, ƙaninsa da ya iya tuƙi ya fi, in babu ko ƙanwarki ce. Mutum biyu da yaro ɗaya a wajen da babu sabis, in ɗaya ya kwanta ciwo ɗayan ya shiga uku.

Yaro a mota, a nan ne zan yi miki faɗa kaɗan tun kafin ki yi laifin. Ba a cinya zai zauna ba, ba kuma a gaba ba. Na san haka muka saba, uwa a gaba yaro a cinya yana wasa da rediyo, amma in aka taka birki da ƙarfi babu hannun uwar da zai iya riƙe shi, jakar iskar nan ta gaba kuma in ta fashe ita kanta tana iya halaka ƙaramin yaro. Kujerar yara ta mota za a saya a ɗaure a baya, in kuɗi ya yi kaɗan gara a mayar da rishon a sayo ta. Ku saya tun yanzu ya riƙa hawa zuwa kasuwa da gidan Hajiya, kar ranar tafiya ta zama ranar da ya fara ganinta, in ba haka ba kukan Zariya wasa ne. Kada a ɗaure shi da ƙatuwar rigar sanyi a jiki, bel ɗin baya kama jiki sosai, a ɗaure shi tukuna sai a rufa masa bargo a sama. Duk awa biyu a tsaya a cikin gari ya sauko ya yi gudu ya gaji. A wajen kwana-kwanar nan ki karɓe wayar, kallon katun a mota mai juyawa shi yake kawo amai, ki zauna kusa da shi kina nuna masa shanu da duwatsu ta taga, abinci kaɗan-kaɗan mara maiƙo, leda da tsumma da kayan canji biyu a kusa da ƙafarki ba a can ƙarƙashin kaya a but ba. In yana taɓa kunne yana kuka lokacin hawa ki bashi ruwa ya kurɓa, haɗiya tana buɗe kunnen. Gyaɗa da alewa mai tauri da dabino mai ƙwallo a bari sai an tsaya, yaro yana iya shaƙewa kina kallon gaba baki sani ba. Kuma dan Allah duk wadda ta ce ki ɗura masa maganin mura ko Piriton ya yi ta barci har a isa, ki ce mata kin gode kawai.

Yanzu tantin. Abin da yake gani a YouTube wurare ne da aka tanada don haka, da masu gadi da famfo da banɗaki da lambar da za a kira. Tudun da zai gani a Mambila kore shar babu kowa ya ce ai nan ya yi, yana da mai shi, ko makiyayar wani ce ko gonar wani, kuma maganar fili a can ba abin wasa bace, an yi mummunan rikici a kanta a 2017, baƙo ya kafa tanti da dare babu sallama zai tayar wa mutane hankali shima ya jefa kansa a abin da bai sani ba. Ga Disamba lokacin ƙunar daji ne, wuta tana cin busasshiyar ciyawa da gudu, tanti kuma leda ce. Can ƙasa wajen Serti da Gashaka kuwa ga sauro ga ƙudan tsando ga maciji, ai ba a banza aka yi asibitin masu saran maciji a Kaltungo ba, kububuwa tana da yawa a wannan shiyyar. Gandun dajin Gashaka Gumti, wanda shine mafi girma a Najeriya, ofishinsa yana Serti, ba a shiga sai da izini da ma'aikacin gandun da zai raka ku, in yana sha'awar nan ya je ofishin ya tambaya ina ake sauke baƙi kuma me suke cewa game da ƙaramin yaro, abin da suka faɗa shi za a bi. Abin da nake ganin zai yi muku shine ku kama ɗaki a masauki a Gembu ko Nguroje, ko gidan mutanensa, sai a nemi izini a kafa tantin a cikin harabar, inda akwai katanga da maigadi. Dare ɗaya. Ya hura wutarsa a waje, a dafa shayi, a gasa masara ko nama, a kalli taurari, a yi hotuna, in ƙarfe biyun dare yaro ya tashi yana rawar ɗari taku ashirin ne ki kai shi gado. Da rana kuma ku ɗauki tantin ku je inda mai masaukinku ya nuna muku, ku kafa ku yi shimfiɗa ku ci abinci ku naɗe kafin magariba. Ga gonar shayi ta Kakara, ga dajin Ngel Nyaki kusa da ƙauyen Yelwa, ga kogin Donga a ƙasan Gembu, abin kallo ba zai ƙare muku a kwana uku ba.

Sanyi shine abin da nafi so ki ji da kyau. Tudun Mambila a matsakaici ya kai wajen mita 1,600 sama da teku, kuma duk mita 1,000 da aka hau zafi yana raguwa da kusan digiri 6, ga Disamba ga iska a fili babu abin da ya tare ta. Kin san sanyin Kano na hunturu, toh ki ɗauka a waje zaki kwana a cikinsa ba a ɗaki ba. Yaro ƙarami jikinsa yana saurin yin sanyi fiye da namu kuma ba zai ce miki yana ji ba, bargo kuma minti biyar ya yi fatali da shi. Don haka a jikinsa za a saka ɗumin, singileti, riga mai dogon hannu, suwaita, wando biyu, safa, hular da ta rufe kunne. A tanti sanyin daga ƙasa yake tasowa, abin da ke ƙarƙashinsa ya fi abin da ke samansa muhimmanci, a shimfiɗa tabarma, a ɗora katifa ko bargo mai kauri ninki biyu, ya kwanta a tsakaninku. Ki riƙa sa hannu a ƙirjinsa ko ƙeyarsa, nan ne zai gaya miki gaskiya ba tafin hannu ba, in ya yi gumi a rage masa don jiƙaƙƙen kaya shi yake jawo sanyi. Wanka da rana tsaka da ruwan ɗumi, ba da asuba ba, in ma an tsallake kwana ɗaya an goge shi da tsumma babu wanda zai kai ku ƙara. Man shafawa mai kauri a leɓe da kumatu.

Kuma ko sanyi zai kashe ku, kada a shigar da gawayi ko rishon gas ɗin nan cikin tanti, ko cikin ɗaki a rufe ƙofa da taga, ko a kwana a mota injin yana aiki. Garwashi yana fitar da wata iska da bata da wari bata da launi, mutum yana barci take shiga jininsa ta hana shi ɗaukar iskar numfashi, ba ya farkawa balle ya nemi taimako, kuma yaro ta fara kayarwa. Duk shekara lokacin sanyi sai an ji gidan da aka wayi gari haka, da kaskon wuta ko da janareta a lungu. Mai masauki da kyakkyawar niyya zai iya kawo muku kasko ya ce ku ɗumama ɗaki, ku ji ɗumin a waje ko ƙofa a buɗe, kafin a kwanta a fitar da shi. In kina son ɗumi a shimfiɗa ki zuba ruwan ɗumi a gora mai murfi mai kyau ki naɗe da zani ki ɗumama wajen, ki cire kafin ki kwantar da shi.

Akwai tambayar da baki taɓo ba kuma ita ce zata iya rushe duk abin da na faɗa: kin san rukunin jinin yaron, AA ne ko AS ko SS? Lafiyayyen yaro tsayin Gembu ba ya damunsa, ciwon hawan dutse galibi sai an haura mita 2,500 yake farawa. Amma mai sikila, sanyi da ƙarancin iskar sama da ƙishirwar hanya duk abubuwan da suke tayar masa da ciwo ne. In baku taɓa gwadawa ba ku gwada, in SS ne maganar ta koma hannun likitansa, ni dai ba zan ce ku je ba. Chappal Waddi kuwa a cire shi a lissafi gaba ɗaya, mita 2,419 ne, babu dutsen da ya kai shi tsawo a Najeriya, kuma ba da mota ake zuwa ba, tafiyar ƙasa ce ta kwanaki da masu rakiya. Wannan ya ajiye wa kansa da abokansa wata shekarar, ki ma ce masa ke zaki haɗa masa dambun naman guzuri.

Tunda zaku asibiti gwajin jini, ki sa a auna nauyinsa a rubuta miki adadin farasitamol ɗin da ya dace da shi, a duba katin rigakafinsa. Jakar magani ki haɗa ta da kanki: farasitamol na yara, ma'aunin zafin jiki, ORS da zinc saboda gudawa, filasta da auduga, da gidan sauro ko biyu don masaukin hanya ba a dogara da nasu. Ruwan shansa na gora ko tafasasshe. Madarar shanu a Mambila kamar kyauta take kuma za a kawo muku ita da zuciya ɗaya, ki karɓa ki gode ki tafasa kafin ya sha. Abinci ki tafi da wanda ya saba, garin kununsa, ƙwai, dankali, taliya, tafiya ba lokacin gwada masa sabon abu bane. Zazzaɓi in ya zo a hanya ko bayan kun dawo a yi gwajin maleriya, kar a ce ai sanyin dutse ne. In kika ga yana numfashi da sauri, sau 40 ko fiye a minti ɗaya yana kwance shiru, ko ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa, ko ya ƙi shan komai, ko duk abin da ya sha sai ya dawo, ko jijjiga, ko ya yi laushi baya kula kowa, a naɗe komai a nufi asibiti, akwai babban asibiti a Gembu, akwai asibitin tarayya na FMC a Jalingo. Saran maciji Allah ya kiyaye, ba a tsagawa ba a tsotsa ba a ɗaure da igiya, a hana wajen motsi a tafi asibiti. Takalma a kakkaɓe su da safe kafin a saka.

Sai abin da maza basa lissafawa. In aka tafi haka, shi zai yi hutu ke kuma kin ɗauko kicin ɗinki ne kin kai shi kan dutse babu famfo. Ku yi magana tun a gida waye zai yi me, shi da ya sayo risho shi zai yi shayin safe da wanke kwanuka, abincin rana a saya a gari. Kula da yaro kuma a riƙa miƙa shi da baki, "gashi nan a hannunka", ya amsa "na karɓa", don yaro ɗan shekara biyu yana ɓacewa ne daidai lokacin da kowa ya ɗauka yana wajen ɗayan, ga wuta ga tafasasshen ruwa ga rafi ga shanu masu ƙaho. Ki sa masa kaya masu launi mai haske, a tanti a ja zif ɗin ya tsaya can sama inda hannunsa baya kai, babba ya kwanta a bakin ƙofa. Zanin goyo kar ki bar shi, keken tura yaro bashi da amfani a can.

Maganar Hajiya kuma, tsoronta tsoron kaka ne kuma rabin abin da take tsoro nima shi nake tsoro, amma ɗora miki da ta yi bai dace ba, ba ke kika kawo shawarar ba kuma ba ke zaki iya hana ɗanta ba. Kada ki yi musu da ita, kada kuma ki zama 'yar aike tsakaninsu, ki ce "toh Hajiya, in sha Allah zai zo ya yi miki bayani". Shi zai je da ƙafarsa ya zauna ya gaya mata ba a daji za a kwana ba, ga gidan wanda za a sauka ga lambarsa, ga ƙaninsa zai bi ku, ga garuruwan da za a kwana, kullum da yamma za a kira ta ta ji muryar jikanta, kuma a gaya mata tun yanzu akwai inda sabis baya kamawa don kar rana ɗaya ta ji shiru hawan jininta ya tashi. Ya nemi albarkarta. Yawancin iyaye kalmar "daji" ce take firgita su, in suka ji sunan mutum da gida sai su sauko. Tayin da ta yi na a bar mata shi ma kar ki ɗauke shi a matsayin ƙwace, tunda an yaye shi, in ya saba kwana wajenta hanya ce mai kyau, ku tafi ku biyu ku rage kwanakin. Sai dai ki tambayi zuciyarki da gaske, in kin san kwana bakwai zaki yi kina ɗaga waya sama kina neman sabis kina hawaye, toh ba hutu kika je ba. In kuma bayan duk bayanin ta dage ta ce bata yarda a tafi da shi ba, ni ba zan baku shawarar ku tsallake maganarta saboda yawon buɗe ido ba, dutsen yana nan baɗi.

Shi kuma ogan, kar ki tare shi da "amma". Ki bari ya ci abinci ya nutsu, ki ce ya nuna miki hotunan Gembu, ki tambaye shi wajen da ya fi so ya fara kai ki, sannan ki ce kina so ku je kuma ga abin da zai sa hankalinki ya kwanta. Abu huɗu ne kawai ba zaki sassauta ba, kujerar yaro, babu tafiyar dare, babu kwana a fili inda ba a san ku ba, babu wuta a cikin tanti, sauran duk ki bar masa ya tsara ya ji shine jagora. Ki kuma ce ku gwada tantin a tsakar gida ranar wata Juma'a da dare yanzu da sanyi ya fara shigowa, ku kwana ku uku, abin da zaki yi wata kina faɗa bai ji ba yaron zai koya masa kafin asuba, wataƙila kuma ke ce zaki sha mamaki ki ga ɗan naki ya yi barcinsa har da minshari. In gwajin ya nuna yaron bai kai ba, ko direbobi suka ce hanya ba daɗi bana, ku juya akalar zuwa Yankari a Bauchi, tafiyar yini ɗaya ce daga Kano, akwai ɗakuna, ga ruwan Wikki mai ɗumi wajen digiri 31 da yaro zai yi wasa a bakinsa kina riƙe da shi, ku dai yi hankali da gwaggon biri don har leda suke fizgewa a hannun yara. Ba dutse bane na sani, amma zai nuna muku yadda ɗanku yake a doguwar tafiya.

In kuwa duk kin bi ta lalama ya ce shi sai yadda ya tsara, ko dare ko daji, toh ki gaya masa cikin ladabi cewa ke da yaron ba zaku bi wannan tsarin ba, ki sa wani babba da yake jin nauyinsa, yayansa ko amininsa, ya yi masa magana, ba sai an kai ga Hajiya ta ji kun saɓa ba. Bana zaton za a kai nan. Ki fara da asibiti a satin nan, shi kuma ya fara kiran mutanensa na Gembu, in sakamakon jinin ya fito ki sake rubuto min mu ga ko akwai abin da za a canza. Ki gaishe min da Hajiya, Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya.

Antinku